Idan motar dakon mai ta kife: aikin jandarma da ƴan sanda

Tun da aka buɗe matatar SORAZ a watan Nuwamba na 2011, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram, motocin dakon esansi da gazuwal da gas suka yawaita a hanyar Damagaram zuwa Tanut da Agadas. Duk ranar da ɗaya ta kife, a cikin birni ƴan sanda ake kira, a karkara kuwa, kamar yankin Falanko da Belbeji, aikin jandarma ne, da taimakon ƴan garde. Kashe wuta da ceton rai na sojojin kwana-kwana ne. Lambar ƴan sanda 17, ta kwana-kwana 18.

Aikin farko shi ne korar jama'a. Jami'i yakan tsaida motarsa nesa, ta ɓangaren da iska ke fitowa, ya tare hanya gaba da baya, ya sa a kashe injin kowace mota da babur, ya hana sigari da girki. Dalili shi ne tururin esansi ya fi iska nauyi. Ƙasa-ƙasa yake bi, yana taruwa a kwari da magudana, ya tarar da wuta inda ba a zata ba. Littafin da masu agajin gaggawa na Amurka da Kanada ke aiki da shi ya ce a janye mutane aƙalla mita 50 tun farko, mita 300 ta inda iska ke nufa idan malalar ta yi yawa, mita 800 idan tankar ta kama.

Daga nesa ake gane abin da ke ciki, in motar na ɗauke da allon nan mai ruwan lemo: 33 a sama da 1203 a ƙasa esansi ne, 30 da 1202 gazuwal, 23 da 1965 gas na girki. Ba a watsa wa man da ya malale ruwa, don a kan ruwan yake tasowa ya bazu. Rairayi ake tarawa a tsare shi, musamman da damina, kada ya gangara tafki ko rijiyar da mutane da dabbobi ke sha.

Inda aikin ke cizo shi ne masu zuwa da jarka da bokiti. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019, wata tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suna cikin kwasar mai ta fashe. Alƙaluman farko sun ce 58 suka rasu, daga baya adadin ya ƙaru. A Majiya ta jihar Jigawa, ranar 15 ga Oktoba 2024, ƴan sanda sun yi gargaɗi amma taro ya rinjaye su, sama da mutum 150 suka halaka.

A Damargu akwai ƙarin matsala ta nisa. Kafin jandarma su iso ƙauye, balle motar kwana-kwana, an ci lokaci mai yawa. A wannan tsakanin, maigari da liman da manyan tasha su ne ke iya tsaida matasa, kuma su ya kamata su buga waya su faɗi wurin, da lambar allon, da ko akwai wanda ya maƙale a cikin motar.