Yadda ƴar tsanar roba ta zama kadara

Uwaye da malaman lakkwal sun fara jin wani suna a bakin yara masu kallon TikTok: Labubu. Wata ƴar tsana ce mai kunnuwan zomo da haƙora tara masu tsini. A watan Yuni na 2025 an yi gwanjon wata babba mai tsawon santimita 131 a birnin Bejin, aka saye ta yuwan miliyan 1 da dubu 80, wato sama da sefa miliyan 80. Na ga ya dace mu san asalin wannan al'ada, don mu samu amsar da za mu ba yaro ranar da ya ce a saya masa.

Abin ya fara ne a ƙarshen shekarun 1990, kuma a hannun samari ya fara. A unguwar Harajuku ta Tokyo akwai ƙananan shaguna masu sayar da riguna da hulunan yayi. Dabararsu ita ce su buga kaɗan, su ƙi ƙarawa ko da ana ta nema, har wanda ya samu rigar ya zama ɗan gata cikin abokansa. A 1997 wani shago mai suna Bounty Hunter ya gwada dabarar a kan ɗan mutum-mutumin roba da ya kira Kid Hunter. Robar mai taushi ce, irin wadda Japanawa suka daɗe suna zuba dodannin fim da ita, kuma ana iya zuba ƴan ɗaruruwa ba tare da babban jari ba.

A Hong Kong kuma, mai zane Michael Lau ya riƙa ɗaukar ƴan tsanan sojoji na kasuwa yana sake musu fuska, yana sa musu buhun wando da manyan takalma irin na samarin titi. A 1999 ya baje guda 99 a Cibiyar Fasaha ta Hong Kong da sunan Gardener. A shekarar ce Ba'amurke Brian Donnelly, wanda aka sani da KAWS, ya haɗa kai da Bounty Hunter. Shi da rubutun bango ya fara, daga baya ya koma cire hotunan talla daga rumfunan jiran bas a New York, ya ƙara musu zanensa ya mayar. Ɗan tsanansa Companion yana da jiki irin na Mickey Mouse, da ƙoƙon kai na ƙwarangwal, da alamar X a gurbin ido.

Wannan zangon na tarihin shi nake girmamawa. Manyan gidajen nunin zane ba sa saurin buɗe wa ɗan titi ƙofa, sai roba ta ba shi hanyar kai aikinsa hannun matasa da kuɗin da za su iya biya.

Daga nan kamfanoni suka shigo. A 2001 Medicom Toy na Japan ya fito da Be@rbrick, jiki guda da masu zane da kamfanonin tufafi ke yi wa ado daban-daban, daga mai santimita 7 zuwa mai 70. A 2002 Paul Budnitz ya kafa Kidrobot a Amurka, har gidan adana zane na MoMA ya sa wasu ƴan tsanansa cikin taskarsa. A Afrilun 2019 aka sayar da wani zanen KAWS a gwanjon Sotheby's na Hong Kong a kan sama da dalar Amurka miliyan 14. Mai zanen da ya sayar shi ne Nigo, wanda ya kafa kamfanin tufafi na A Bathing Ape. Masu saye da yawa yanzu ko kwalin ba sa buɗewa, suna ajiye ne suna jiran farashi ya hau.

Zango na ƙarshe shi ya shafe mu. Tun farko ana sayar da ƙananan a rufaffen kwali, sai ka biya ka ga wanda ya faɗo maka. Kamfanin Pop Mart, wanda Wang Ning ya kafa a Bejin a 2010, ya mai da wannan ginshiƙin cinikinsa. A 2019 ya ƙulla yarjejeniya da Kasing Lung, wanda ya ƙirƙiri Labubu a littattafan hoto a 2015. A wasu jerin, ƴar tsanar da kowa ke farauta ɗaya ce cikin kwali 72. Cinikin biri a sama ke nan, kuma a ganina tazararsa da caca ba ta da yawa. Hukumomin ƙasar Sin da kansu sun hana sayar wa yaran da ba su kai shekara 8 ba irin wannan kwali tun 2023. Ga kuma jabu, da ake kira Lafufu, waɗanda hukumar kare masu saye ta Amurka ta yi gargaɗi a Agustan 2025 cewa suna ɓallewa har ƙaramin yaro ya shaƙe.

Don haka in yaro ya kawo zancen, kada a tsaya ga cewa babu kuɗi. A gaya masa cewa da gangan ake ƙaranta kayan don a riƙa rububinsu. Malamin lissafi ya rubuta ɗaya cikin 72 a allo, ƴan aji su ƙirga kwali nawa mutum zai iya saya bai dace ba. Sannan a ba su labarin Michael Lau, wanda da hannunsa ya fara. Yaron da ke gina shanun laka ko yana haɗa motar kara a ƙofar gida, irin aikin yake yi. Shi ya kamata mu saya wa takarda da fenti, mu kuma tsaya mu duba abin da ya ƙera.