Almakashi a Cikin Ɗanyar Gwanda

Tarihinmu na wannan mako daga madafi zai fara.

Da yawanmu mun ga iyaye na naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda don ya yi laushi. Abin da ke wannan aiki yana cikin farin ruwan nan mai kama da nono, wanda ke tsattsafowa idan aka ƙarzi ɗanyar gwanda. A 1879 masana biyu a Faransa, Wurtz da Bouchut, suka ware sinadarin suka raɗa masa suna papain. Inzayim ne, wato sinadarin da ke gaggauta aiki ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Aikinsa datsa furotin. Ba ya bukatar wuta mai tsanani ko ƙarfe mai tsada, kuma samunsa bai wuce a tsaga 'ya'yan, a tara ruwan, a shanya ba.

A 1959 Rodney Porter, a Landan, yana son gane ƙirar furotin ɗin garkuwar jiki, wanda ke kama ƙwayar cuta ko dafi. Sai ya zuba papain a kan wanda ya samo daga jinin zomo, ya kuwa datse gida uku: biyu masu kama abokin gaba, ɗaya ba ya kama komai. Da wannan ya sami kyautar Nobel a 1972 tare da Gerald Edelman.

Masu haɗa magani suka bi sawu. Akan yi wa tumaki allurar dafin maciji kaɗan-kaɗan, a ɗebi garkuwar da jininsu ya samar, a datse ta da papain, a cire ɓangaren da ya fi tayar wa jikin mutum da hankali. Haka ake yin CroFab, maganin saran maciji da Amurka ta amince da shi a 2000.

Sai dai araha ba ta hana haɗari. Ɗan'uwan papain, chymopapain, an amince a 1982 a riƙa allurarsa ga masu ciwon faifan ƙashin baya. Wasu jikinsu ya ƙi shi har aka rasa rayuka, kuma a 2003 aka daina sayar da shi a Amurka.

Iyayenmu sun san aikin ganyen. Masana sun tambayi dalili, suka auna, suka rubuta har da inda ya cutar. Wane abu muke gani kullum a gidajenmu da ba mu taɓa tambayar dalilinsa ba?