Yaushe Aka Fara Karatun Wasan Talabijin Da Waƙoƙin Bidiyo A Sakandare?

Tambaya: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, ya aiko da takarda yana cewa ya ji wai a ƙasar Ingila ana koya wa 'yan sakandare wasan kwaikwayon talabijin da waƙoƙin bidiyo, har su yi jarrabawa a kai. Yana so ya sani ko gaskiya ne, da yadda abin ya samo asali, kuma shin wannan ba ɓata yara ba ne?

Amsa: To Malam, mun gode da takardarka. Maganar da ka ji gaskiya ce. Sai dai ba kallon ake koya musu ba, don kallo ba ya bukatar malami. Abin da ake koya musu shi ne binciken abin da suka kalla. Ga yadda aka faro.

Tushen abin tsoro ne irin naka. A shekarar 1933 wani malamin Jami'ar Kambirij mai suna F. R. Leavis da wani malamin sakandare, Denys Thompson, suka rubuta littafi domin malamai. A ganinsu tallace-tallace da jaridun rahusa da sinima suna gurɓata hankalin yara. Shawararsu ita ce a kawo waɗannan abubuwa aji, a tona asirinsu a gaban yaro, don ya ƙyamace su. Watau tamkar allurar rigakafi.

Amma abin da ake gudun sai ƙara yaɗuwa ya yi. BBC ta fara shirye-shiryen talabijin a 1936, aka buɗe tashar 'yan kasuwa mai talla a 1955. A 1960 wannan tasha ta fara wani wasan kwaikwayo mai dogon zango, Coronation Street, wanda har yau ba a daina ba. Da akwatin nan ya shiga kusan kowane gida, sai wani kwamitin ilmi na gwamnati a ƙarƙashin John Newsom ya ba da rahoto a 1963, ya ce aikin makaranta ne ta koya wa yara kallon fim da talabijin da idon basira.

A 1964 Stuart Hall, haifaffen Jamaika wanda ya taɓa koyarwa a sakandare a Landan, shi da Paddy Whannel, suka kawo wani ra'ayi. Suka ce ba daidai ba ne a yi wa abin da yara ke so kuɗin goro a ce duk shara ne. A cikinsa akwai mai kyau akwai maras kyau, sai a koya musu rarrabe tsaki da tsakuwa. Daga nan a 1980 wani malami, Len Masterman, ya fitar da littafi a kan koyar da talabijin. Shi kuma cewa ya yi talabijin ba taga ba ce da za ka leƙa ka ga duniya yadda take. Duk abin da ka gani wani ne ya zaɓa, ya yanke, ya haɗa, kuma yana da dalilinsa. A 1982 hukumar UNESCO ta tara wakilan ƙasashe 19 a garin Grunwald na Jamus, suka yi kira da a shigar da wannan ilmi makarantu. A 1988 aka fara sabuwar jarrabawar gama sakandare ta Ingila, GCSE, kuma nazarin kafofin watsa labarai na cikin darussan da ɗalibi zai iya zaɓa.

Waƙar bidiyo kuwa ta yi ƙarfi ne bayan buɗe tashar MTV a Amurka ranar 1 ga Agusta, 1981. A 1983 Michael Jackson ya fitar da bidiyon Thriller mai tsawon kusan minti 14. Malamai suka lura cewa irin wannan bidiyo nishaɗi ne, amma kuma talla ne, don aikinsa ya sayar da faifai da mawaƙin kansa. Ga shi gajere, ana iya kallonsa a tattauna a darasi guda. A tsarin da aka sabunta a 2017, wasan talabijin da waƙar bidiyo suna cikin abubuwan da tilas ne mai ɗaukar darasin ya nazarta. Ko can ɗin ma akwai masu yi masa ba'a, suna cewa karatun malalata ne.

To me ake yi a ajin? Abu huɗu ake dubawa. Na farko, dabarar da aka yi da kyamara da haske da kiɗa da tufafi, misali a ɗauki mutum daga ƙasa don ya yi kwarjini. Na biyu, yadda aka nuna mutane: mace, talaka, baƙauye. Na uku, wa ya zuba kuɗi, kuma ta ina zai ci riba. Na huɗu, su wa aka nufa, kuma yaya suka karɓa.

Malam, mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Dattawa za su tuna majigi, lokacin da mota ke zuwa ƙofar fada da dare a kafa farin ƙyalle. Fim irin su Baban Larai ba don dariya kawai aka yi shi ba, an yi shi ne don a jawo hankalin manoma ga noman auduga yadda hukuma ke so. An buɗe talabijin a Ibadan a 1959, a Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshi a ƙarƙashin NTA a 1977. Muka sha kallon Samanja Mazan Fama da Karkuzu da Golobo da wasannin Kasimu Yero. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset. Bayan Sangaya a 1999, rawa da waƙa suka zama gishirin fim ɗin Hausa, ƙorafi ya yi yawa, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Yanzu kuwa su Daɗin Kowa da Labarina a wayar salula ake kallonsu, a gona da rumfar kasuwa.

Tace fim na da amfaninsa, amma mai tacewa ba ya shiga aljihun yaro. Abin da ke zuwa daga Indiya da Amurka da Legas ta intanet ba ya tsayawa a ofishin kowa. Shi ya sa UNESCO ta ci gaba da wannan kira, har ta yi babban taro a kansa a Abuja a 2013. Kuma ai makarantunmu sun daɗe suna karanta wasan kwaikwayo na takarda, irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Malamin Hausa da ya iya fiɗar jigo da halayen taurari a littafi, zai iya yi wa fim haka.

Kai ɗan kasuwa ne. Ba ka sayen buhu don saman ya yi kyau, sai ka zura hannu ka ɗebo na ƙasa. Wannan shi ne darasin baki ɗaya. In aka bar yara da kallo babu tambaya, to nan ne ɓarnar da kake tsoro take. Saboda haka kada ka jira hukuma. In kun gama kallo a gida, tambayi ɗanka: wa ya yi wannan? Me yake sayarwa? Me ya sa sau da yawa baƙauye ne wawa a fim, alhali shi ke ciyar da birni? Me aka ɓoye mana? Ku kuma masu 'ya'ya a sakandare, ku kai maganar taron iyaye da malamai.

Jama'a masu sauraro, a ci gaba da aiko mana da takardu. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu damina mai albarka.