Mu Muka Kawo wa Kurmi Nama da Wake, Ina Rabon 'Ya'yanmu?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata magana da aka faɗa mana a asibiti bara, wadda har yanzu ba ta bar raina ba. Ɗan yayata ne, bai daɗe da yaye ba, ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, ya daina wasa. Da aka duba shi aka ce tamowa ce. Ma'aikaciyar jinyar, Bayarabiya, ta tambayi sana'ar gidanmu, na ce mahaifinmu wake yake sayarwa a Bodija. Sai ta riƙe baki ta ce, "Ku da kuke sayar mana da wake?" Wallahi na rasa amsa.

Wannan ya sa na koma ina tambayar dattawan Sabo yadda aka yi muka zo Ibadan tun asali. Ashe abinci mai gina jiki, wato abin da likitoci ke kira furotin, yana cikin manyan abubuwan da suka kawo kakanninmu. Shanun Arewa ba sa daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando da ke sa musu sammore, don haka dole a riƙa kawo su ana yankawa da wuri. Da farko da ƙafa ake koro su, tafiyar makonni, har jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 aka fara loda wasu a tarago. Shanu su gangaro, goro ya hau. A 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo, inda masu gida ke saukar da fatake, dillalai su sayar da shanu ga mahautan gari bashi, a kan amana kawai. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo yana nazarin wannan ciniki, ya fitar da littafi a kai a 1969.

Bayan shanu sai wake. Ƙosai da alala da miyar gbegiri da mutanen Ibadan ke ci da amala, yawancin wakensu daga Arewa da Nijar yake zuwa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan wake, kuma cibiyar IITA da aka kafa a nan Ibadan a 1967 ta daɗe tana inganta irinsa. Duk wanda ya ga yadda nama da kayan miya suka yi wuya a Legas da Ibadan lokacin da 'yan kasuwar Arewa suka dakatar da lodi a ƙarshen Fabrairun 2021, ya san nauyin da ke wuyanmu.

Ita ma cutar da ta kama yaronmu tana da tarihi. Wata likita mai suna Cicely Williams ce ta yi bayaninta a Ankara ta ƙasar Gana a 1933, bayan ta lura da yaran da ake yayewa da kokon masara zalla. A 1935 ta kira ta kwashiyoko, kalmar yaren Ga, ma'ana ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Duniya ta ƙara saninta a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da aka ga hotunan yaran Biyafara. Likitocin yau sun ce ba rashin furotin kaɗai ke kawo ta ba, akwai yawan zawo da ƙarancin wasu sinadarai, amma abincin da babu mai gina jiki a cikinsa yana kan gaba.

To ina muka yi sake? Mahaifina ya ce a gidansu suna yara, ba kullum ake cin nama ba, amma ba a rasa daddawa a miya, ga kunun gyaɗa, ga ƙuli-ƙuli, ga ɗanwake, ga fura da nono. Mu kuwa da muka tashi a nan, gari da burodi da taliyar leda muka sa gaba, saboda sauƙi. Babban mutum mai kilo 60 yana buƙatar kusan giram 50 na furotin a rana. Giram 100 na busasshen wake yana da sama da giram 20, ƙwai ɗaya kamar giram 6, amma garin rogo da ƙyar ya kai giram 2. Kuma idan aka haɗa wake da hatsi, kowanne yana cike giɓin ɗan uwansa. Ashe shinkafa da wake ba abincin raini ba ne.

Akwai kuma halinmu na 'yan kasuwa. Mai kyau na kasuwa ne, gida sai abin da ya rage, in an yi nama kuma maigida ne da tsoka, yaro sai romo.

Alhamdu lillahi yaron ya warke. Yanzu duk buhun da aka buɗe a rumfarmu, mahaifina da kansa yake auna kwano biyu ya ce a kai gida kafin a sayar wa kowa. Ina roƙon iyayenmu na Sabo da Shagamu da Agege da Mile 12 su yi haka. Allah Ya raya mana zuriya, amin.