Me Ya Sa Noti Ke Ƙin Tsohon Babur?

Duk bakaniken da ya taɓa ƙoƙarin tayar da tsohon babur a Talata Mafara ya san wannan takaicin: ka samo noti a kasuwa ran Talata, kauri ɗaya, tsawo ɗaya, ka ɗaura, ya yi zagaye biyu ya cije. Ka matsa da sifana, tiredi ya cinye. Kama da wane ba wane ba ne, kuma dalilin ya girmi kakan bakaniken.

A da, kowace maƙera a Ingila da irin haƙoran da take yanka wa notinta. A 1841 ne Joseph Whitworth ya fito da awo guda, inda kusurwar haƙori take digiri 55, ana ƙirga haƙoran a kan inci. A 1864 William Sellers na Amurka ya kawo nasa mai digiri 60. Masu ƙera keke a Ingila kuma suka riƙe wani na dabam, mai haƙora 26 a inci, don kada jijjiga ta kwance shi. Wannan ne ya biyo kekunan Raleigh da babura irin su BSA da Triumph zuwa Najeriya a zamanin Turawa. Sifanar Whitworth ma da nata hali: lambar da ke jikinta kaurin sandar notin take nufi, ba faɗin kansa ba.

Da baburan Japan suka mamaye hanyoyinmu, Honda da Yamaha da Suzuki, sai awon milimita ya kori inci. Amma a nan ma akwai tarko. Kafin 1967 Japan na da nata awon, a shekarar ne ta koma na duniya. Noti mai kaurin milimita 5 da tazarar haƙoransa take 0.9 ya koma 0.8, mai milimita 4 ya tashi daga 0.75 zuwa 0.7. Ido ba ya ganin wannan bambanci, amma gangar inji ta alminiyam tana jin sa. Haka kan sukurun Japan mai gicciye: ba daidai yake da sukurudireban Phillips ba, shi ya sa yake saurin shafewa.

Yankinmu ya ga wani zubin. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda ke shayar da gonakin Maradun da Mafara da Bakura. Kayan Turai irin na Italiya, har da babur ɗin Vespa, milimita suke bi, sai dai noti mai kaurin milimita 8 sifana 13 yake sha a Turai, 12 a Japan. Mai milimita 10 kuwa 17 a Turai, 14 a Japan, kuma na Japan ya fi ƙananan haƙora.

Yau baburan Boxer da Jincheng sun cika gari, notinsu na ko'ina. Amma mai gyaran babur ɗin gado, kafin ya ɗauki sifana, sai ya tambayi ƙasar da aka ƙera shi da shekarar, ya haɗa tsohon noti da sabo haƙori da haƙori, ya fara ɗaurawa da yatsu. In ya ƙi shiga da hannu, ba nasa ba ne.