Yadda ake zaɓen matatar baƙin mai ta babur

Matatar baƙin mai, wadda makanikai ke kira filta, ita ce ke tsare datti da ɓarɓashin ƙarfe kafin man ya kai ga sassan injin.

A mafi yawan babura, baƙin mai ɗaya ne ke zagaya injin da giya da kuma kuloci, saboda haka yana ɗaukar datti daga wurare uku. Ga kuma ƙurar hunturu da ke ƙara masa nauyi.

Ire-iren matata

Ƙananan babura da dama ba su amfani da matatar takarda. Samfurin Honda CG125, wanda aka soma ƙerawa a 1975, yana da 'yar raga ta ƙarfe, da kuma wata matata mai juyawa da ke wurga datti ya manne a bangonta. Waɗannan wanke su ake yi a mayar.

Wasu baburan kuwa suna amfani da matatar takarda da ake sakawa cikin injin, ko kuma ta gwangwani da ake ɗaurawa daga waje. Su waɗannan sauya su ake yi, ba a wanke su.

Abin lura kafin saye

Abu na farko shi ne lambar da kamfani ya rubuta a littafin babur. Matata biyu na iya yin kama a ido, amma su bambanta a faɗin baki ko kaurin robar da ke hana yoyo.

Na biyu, akwai wani bawul da ke buɗewa idan matata ta toshe, domin kada injin ya rasa mai. Idan yana saurin buɗewa, mai zai riƙa wucewa da dattinsa. Idan kuma ya yi tauri, injin zai yi ƙishin mai. Don haka matatar mota ba ta zama madadi don kawai ta ɗauru.

Na uku shi ne jabu. Takardarta kan yage ko ta lotse, kuma babu alamar da mai babur zai gani sai fistin da ringi sun ci.

Ga ɗan acaba ko ɗan kabu-kabu, araha ba ta ado: kuɗin matata mai kyau bai kai na sauke inji ba, balle asarar kwanakin da babur zai yi a gareji.