Kurciyar Gamji da Tarihin Sunanta

Akwai wata tsuntsuwa ta ƙasar Sakkwato wadda tarihin sunanta ya isa abin nazari. Ita ce kurciyar gamji, mai koren baya da rawayan ciki, wadda ba ta cika sauka ƙasa ba, don 'ya'yan gamji da ɓaure su ne abincinta.

A littattafan masana kimiyya sunanta Treron waalia. Wannan tsari na kalmomi biyu, watau sunan dangi da sunan iri, Linnaeus mutumin Suwidin ne ya kafa shi ga dabbobi a 1758. Kalmar farko ta Girkanci ce, ma'anarta kurciya, tushenta kuwa tsoro ne, kuma Bafaranshe Vieillot ne ya raɗa wa dangin ita a 1816. Kalma ta biyu daga Habasha ta fito. James Bruce, matafiyi ɗan Sikotilan, ya ga tsuntsuwar a can, ya bayyana ta cikin littafin tafiyarsa na 1790 da sunan da ya ce mutanen ƙasar suna kiranta. A 1793 Bajamushe Meyer ya ɗauki wannan suna ya shigar da shi kundin kimiyya. Kada kamar lafazi ta sa mu jingina waalia ga wala ta Hausa, domin kama da wane ba ta wane.

To, a lura. Sunan Turawa yana gaya mana wanda ya riga rubutawa ne. Sunan Hausa kuwa ya bayyana itacen da tsuntsuwar ke rayuwa a kansa, ilmin da manomin fadamar Wurno ko Goronyo ya gada ba tare da alƙalami ba. Amma ƙa'idar masana ita ce, sunan da aka fara bugawa shi ke tabbata. Kalmar Habasha ta sami mai rubuta ta a 1790, tamu ba ta samu ba.

Gamji ba ƙaramin itace ba ne a wurinmu, tun da shi ne kirarin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah. In aka sare gamji, kurciya ta tashi, sunanta ma zai bi ta daga bakin yara. Saboda haka wajibi ne ɗalibanmu su zauna da mafarauta da dattawan bakin gulbin Rima, su rubuta sunayen tsuntsaye tun masu sani suna raye.